Shafi Na Sittin Da Uku

Ranar Alhamis da hantsi wata dattijuwa ta shigo caji ofis rungume da jakar takardu, ta ce an yi mata sata.

Saje ya jawo littafin ƙara ya buɗe. "Me aka ɗauke, Mama? Waya ko jaka?"

"Takarda ɗaya."

"Ta fili?"

"Ta kabari."

Saje ya ajiye biro, ya leƙa ofishin ciki. "Yallaɓai, wannan taka ce. Ni ban yi kwas ɗin matattu ba."

Sufeto ya ce a shigo da ita. Wata huɗu ya rage masa ya ajiye kaki, kuma cikin shekara talatin da biyar da ya yi yana aiki bai taɓa korar mai ƙara don ƙanƙantar abin da ya kawo shi ba. Ya ba ta kujera. Ta ce ita malamar makaranta ce mai ritaya. Ta kwance jakar, ta jera takardu a teburinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirin raba jarrabawa.

"Kakanmu baƙo ne a ƙasar nan," in ji Malama. "Ta jirgin ruwa ya zo yana saurayi, ya kama aiki a jirgin ƙasa. Ya rasu mahaifinmu na da shekara shida. Kakarmu ta ɗauke yaron ta koma wajen danginta can nesa, bai dawo garin nan ba sai da gemunsa. Yanzu Baba yana da tamanin da takwas, yana kwance. Likita ya ce zuciyar ta gaji, mu daina lissafin watanni. Buri ɗaya ya rage masa, a kwantar da shi kusa da ubansa."

"Ba ku san kabarin ba ne?"

"Yayana ya ce ya gano shi shekara ashirin da suka wuce, a bakin ƙofar makabarta. Har dutse ya sa. Amma shekara uku ke nan Baba ya kira ni ni kaɗai, ya ce, ki sake duba mini. Bai ƙara ko kalma ba."

Ta nuna takardun. Ga jerin fasinjojin da suka sauka a tashar jirgin ruwa, wanda ta kwafo da hannunta daga ma'ajiyar tsofaffin takardu. Ga takardar asibiti mai ranar rasuwa. Shekara uku ta yi tana bin ofisoshi, ana yi mata gobe, ana yi mata jibi.

"Ranar Litinin na ga sunansa a jerin sunayen makabarta. An rubuta: rajista ta biyu, shafi na sittin da uku. Akawu ya ce sai ya ciro littafin daga sito, in dawo yau. Na dawo. Daga sittin da biyu sai sittin da biyar."

"Wa kika gaya wa lambar shafin?"

"Akawu. Sai mutanen gidanmu, a falo, don murna."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Hanyar makabarta ta bi ta bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Sufeto ya ce wa Saje ya rage gudu. A nan aka haife shi, a layin ɗakunan da ke jingine da katangar tasha. Ubansa ɗan dako ne. A wancan zamani ba mai agogo a unguwar, kukan jirgin safe ke tashin yara, na yamma ke maido su gida. Yanzu ciyawa ta cinye dogon, an sace tagogin ofishin tikiti, awaki ne ke kwana a inda fasinjoji ke zama.

"Yallaɓai, ka yi shiru."

"Tuƙa motarka."

Ofishin makabarta ɗaki ɗaya ne: tebur, kabad, fanka marar aiki, da kwalbar gam a kan taga. Akawun irin matasan nan ne da suka ɗauki aikin gwamnati wurin jiran ƙarshen wata. Da ƙyar ya zare abin sauraro daga kunnensa.

"Gara ce, Yallaɓai. Littattafan nan sun girmi kakana."

Sufeto ya buɗe rajistar a hankali. Takardar ta yi ja don tsufa, rubutun kuwa tsaf, na mutanen da ake dukan hannunsu in sun karkata layi. Ya isa wurin. Ba a yaga takardar ba. An yanke ta ne sambal daga sama har ƙasa, aka bar ɗan siririn gefe mai faɗin yatsa a jikin ɗinkin.

"Garar ofishinku tana da rula ke nan?"

Saje ya ƙyalƙyale da dariya. Akawu ya sunkuyar da kai.

"Yaushe ka ciro littafin?"

"Talata. Na ajiye shi a nan kan tebur."

"Wa ya shigo daga Talata zuwa yau?"

"Ba kowa. Ina nan daram, ko fita ban yi ba."

Sufeto ya matso da littafin. Idonsa na kan shafi na sittin da biyar. Kusurwarsa ta ƙasa ta taɓa yagewa, tsohuwar yagewa mai baƙin gefe, amma an liƙe ta da 'yar siririyar farar takarda, liƙi mai kyau, ba ko kumburi. Ya kai hanci. Warin gam bai gama fita ba.

"Kai ka gyara wannan?"

Akawu ya leƙo. "Ni? Ban ma san ya yage ba."

"Na yarda da kai. Ba ka yi kama da mai gyara komai ba. Amma an zauna a kujerarka, an yanki takarda, an buɗe gam ɗinka, an yi liƙi, an jira ya sha iska. Aikin rabin awa ne. Kana nan daram aka yi shi a kan cinyarka?"

Nan Akawu ya fito da gaskiya. Ya ce jiya Laraba bayan azahar ya ɗan leƙa shagon mai shayi kallon ƙwallo. Awa biyu kawai. Ya bar makulli a hannun tsohon da ke haƙa kabari.

"Awa biyu kawai," in ji Sufeto. "Littafin ya yi shekara tamanin ba abin da ya same shi. Saje, naɗe shi, abin shaida ne."

A waje Saje ya ce, "Ɓarawo ya yi sata ya tsaya gyara. Ni dai ban taɓa gani ba."

"Ni ma. Shi ya sa za mu same shi."

Suka tarar da Mai Haƙa a gindin bishiya yana wasa bakin shebur da dutse. Tsoho ne ƙaƙƙarfa, ya gaji aikin daga ubansa, ya shekara hamsin a cikinsa.

"Sannu da aiki, Baba. Jiya an bar maka makullin ofis."

"An bar mini."

"Wa ya shiga?"

"Ban ga kowa ba, ɗana. Ina can baya ina haƙa."

"Kabarin wa?"

Tsohon ya ci gaba da wasa sheburinsa.

"Na duba littafin bana," in ji Sufeto. "Ba a binne kowa ba tun Lahadi. Ga sheburinka kuma, ba ɗanyar ƙasa. Da furfurarka, Baba?"

Mai Haƙa ya ajiye dutsen. "Wani ya roƙe ni ya zauna a inuwar ofis ya huta. Na buɗe masa. Ba zan kira sunansa ba, ko ka kulle ni. Ranar da matata ta rasu shi ya tsaya mini, 'yan uwana ma ba su tsaya ba."

Sufeto bai matsa ba. Ya san irin waɗannan tsofaffi, in aka danne su taurin suke ƙarawa. Ya ce a nuna masa kabarin da yayan Malama ya sa wa dutse.

Yana layin farko, dab da ƙofa, tsakanin manyan gari na dā. Farin dutse ne mai sheƙi, an sassaƙa suna, a ƙasa an rubuta: Babban Injiniyan Jirgin Ƙasa.

"Baba, a zamanin mahaifinka, a nan ake binne baƙin da suka zo aikin dogo?"

Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "A nan? Da rai ma ba su bi ta wannan ƙofa ba. Baƙi can baya ne, wajen tsohuwar rijiya. Layin baƙi ake ce masa. Wannan kabari ne da ba shi da alama tun ina yaro. Ban san mai shi ba, ubana ma bai sani ba. Aka zo aka kafa dutse, na ja bakina na yi shiru."

"Layin baƙin kabari nawa ne?"

"Sun fi ɗari biyu, ba ko ɗaya mai suna. In ba da littafi ba, sai ranar tashi."

Gidan su Malama babban gida ne mai bene. Yayanta ya tare su a falo. Darakta ake kiransa, ko da yake ya shekara takwas da barin kujerar. Dogo ne, fes da shi, yana magana kamar har yanzu akwai sakatare a bayansa mai rubutawa.

"Sufeto, ƙanwata ta ɓata maka lokaci. Tun tana yarinya haka take, in ta kama abu sai ta ga ƙarshensa. Kabarin kakanmu sananne ne."

"Ai ni ma haka nake so ya zama, Yaya," in ji Malama. "A nuna mini a rubuce kawai."

"Ke dai kin fi son takarda da mutane."

"Kai kuma ka fi son dutse da takarda."

Sufeto ya bar su, yana kallon bango. An rataye wani ƙaton firam mai zanen bishiyar zuri'a, kowane reshe da suna. A can gindin bishiyar an zana wani mutum cikin kwat da agogon aljihu.

"Hotonsa ne?"

"Mai zane na sa ya yi, bisa kwatance," in ji Darakta. "Injiniya ne. Shi ya kawo ilimin injin jirgi ƙasar nan."

Firam ɗin ya daɗe a wurin, don fentin da ke bayansa ya fi na sauran bangon haske. Sufeto ya ga haka ne saboda wani siririn layi na fenti mai haske ya leƙo ta gefen dama. An sauke firam ɗin kwanan nan, ba a maida shi daidai inda yake ba.

"Ranka ya daɗe, jiya bayan azahar kana ina?"

"A gida. Ina hutawa."

"Ka taɓa shiga ofishin makabarta?"

"Me zai kai ni? Ni tsakanina da takarda sa hannu ne."

Malama ta baza takardunta a teburin falo. Darakta yana magana, hannunsa na tattara su bai ma sani ba. Ya haɗa su, ya buga gefensu a tebur sau biyu, ya juya ya buga ɗaya gefen, suka daidaita kamar an yanke su tare. A babban yatsansa na hagu akwai tsohon tabo fari, daga farce har gaɓa. Da ya ga idon Sufeto a kai, ya lanƙwashe yatsan cikin tafinsa.

Aka kai Sufeto ɗakin tsohon. Ɗaki ne mai warin magani da man zafi. Baba yana jingine da matasai uku, ya rame har agogonsa na yawo a hannu, amma idonsa garau.

"Kai ne ɗan sandan? Ɗan wa ne kai?"

"Ɗan wani ɗan dako ne a tsohuwar tasha, Baba."

"Madalla. To ka san kukan jirgin yamma." Ya yi numfashi. "Ka samo mini shafin nan, ɗana. Ba ni da kwanakin da zan ba ka da yawa."

Washegari da safe Sufeto ya ɗauki rajistar, ya nufi wani lungu a bayan tasha. Ya tuna akwai shagon masu ɗinkin littattafai a wurin, inda ubansa ya taɓa kai littafinsa na aji uku da ruwa ya jiƙa. Bai zaci zai same shi a buɗe ba.

Yana nan. Ƙofar ce dai ta dā, warin gam da tsohuwar takarda ne dai na dā, ga ƙarfen matse littafi a kusurwa da hannunsa ya sha taɓi har yana ƙyalli. Maiɗinki yana zaune da tabarau a kan hanci, ba aiki a gabansa sai littafi ɗaya.

"Yanzu wa ke gyara littafi?" in ji shi. "In ya yage a yar, a sayi wani. Haka suke yi wa komai, har iyayensu."

Sufeto ya buɗe masa rajistar. Maiɗinki ya bi ɗan gefen da aka bari da yatsa, ya duba liƙin kusurwa, ya cire tabarau ya goge.

"Wannan hannun shagon nan ne."

"Ta yaya ka sani?"

"Kowace takarda a littafi tana da 'yar uwa a ɗaya ɓangaren ɗinki. In ka fizge wannan, waccan ma za ta faɗo. Shi ya sa ake barin gefe. Kowane mai ɗinki ya san haka. Amma dubi liƙin. Ba a yanke farar takardar da almakashi ba, an yage bakinta da hannu don ya kwanta ya ɓace. Maigidanmu ne kaɗai ke koyar da wannan, da rula a kan yatsu yake koyar da shi."

"Ku nawa ya koya wa?"

Maiɗinki ya nuna wani hoto da ya koɗe a bango. Wani dattijo ne zaune, samari uku tsaye a bayansa, kowanne da rigar aiki.

"Ni ne na tsakiya. Na dama ya rasu. Na hagu ya fi mu hannu nesa ba kusa ba. Shekara biyar muna cin abinci a kwano ɗaya. Da rana ɗinki, da yamma makaranta, da wannan allurar ya yi karatunsa. Ya zama babban mutum. Yanzu in motarsa ta biyo ta bakin lungun nan, ɗaya gefen yake kallo."

"Yana da wata alama?"

"Wuƙar yanka ta taɓa raba masa babban yatsa na hagu. Ni na ɗaure masa da ƙyallen bangon littafi."

Sufeto ya rufe rajistar. "Kana ganin ya ƙona shafin?"

"Wanda ya tsaya liƙe kusurwa? Haba. Hannunsa ba zai yarda ba, ko zuciyarsa ta so. Ko ninke shi ba zai yi ba. Ka nemi wurin da takarda za ta kwanta a miƙe, tsakanin abubuwa biyu masu tauri."

Kafin la'asar Sufeto ya koma gidan da takardar izinin bincike. Ya ce a fito da Baba falo in zai iya. Aka turo shi a keken marasa lafiya, Malama na riƙe da bargonsa.

"Wannan cin mutunci ne," in ji Darakta. "Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Yau da safe na ga hotonka da rigar aiki. Abokinka na gaishe ka. Saje, sauke firam ɗin can."

Saje ya sauke shi ya kife a tebur. An zare ƙananan ƙusoshin bayan an maida su, kawunansu na ƙyalli. Sufeto ya cire katakon. Tsakanin katako da zanen, cikin farar takarda mai tsabta, ga shafin kwance, ko lanƙwasa babu.

Sufeto ya miƙa wa Malama. "Ke kika yi shekara uku kina nemansa. Karanta."

Ta bi layukan har ta kai sunan. "Baƙo. Shekara talatin da ɗaya. Ciwon ƙirji. Sana'a: lebura, mai zuba kwal a tukunyar jirgi. Layin baƙi, kabari na huɗu gabas da rijiya."

Darakta ya zauna. Girman nan duk ya zube.

"Ni na yanke," in ji shi. "Tun shekara ashirin da suka wuce na ga layin rubutun nan. Lokacin an ba ni kujera ke nan, ina zama da mutanen da kowa ke lissafa kakanninsa. Aka tambaye ni nawa, na ce injiniya ne. Kalma ɗaya ce, a wurin cin abinci. Daga nan ta bi ni. Na je na duba rajista ko zan sami abin da zan dogara da shi, na tarar da lebura. Na zaɓi kabarin da ba mai shi a bakin ƙofa, na sa dutse." Ya juya wajen tsohon, bai iya ɗaga ido ba. "Baba, na kai ka gaban kabarin wani shekara ashirin. Da na ji ta ambaci lambar shafin, na ce gara ka tafi ba ka sani ba."

"Da ka bari an binne shi kusa da wanda bai sani ba?" in ji Malama. "Yaya! Don mutanen da ko gaisuwar rashin lafiyarsa ba su zo ba?"

Baba ya ɗaga hannu, ta yi shiru.

"Kai, Babba," ya ce wa ɗansa, da sunan da yake kiransa tun yana goye. "Kana tsammani ɗan shekara shida ba ya ganin hannun ubansa? Baƙi ƙirin yake dawowa. Uwata ta zuba masa ruwa sau uku, layukan tafinsa ba sa fita. Da hannun nan yake ɗaga ni sama in ga jirgi ta kan katanga. In ya yi tari a ƙyalle, baƙi ne. Wane injiniya ne ke tari baƙi?"

"To me ya sa ba ka taɓa faɗa ba, Baba?"

"Ranar da aka binne shi na tsaya a cikin taɓo, takalmina ɗaya ya maƙale. Akwai rijiya a wurin. Da ka kai ni bakin ƙofa na duba, ba rijiya. Amma ka zo da murna, ka sa dutse mai tsada, na ce kuskure ka yi, kada in karya maka zuciya. Na yi shiru shekara goma sha bakwai. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Uban da ya ga ɗansa na jin kunyar gumi ya ƙyale shi, shi ma ya sa hannu." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Na san kana kunyar allurar da ta yi maka karatu. Ban san ka kai ga kunyar ubana ba."

Darakta ya rufe fuska da hannu biyu.

Sufeto ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ka lalata rajistar hukuma, ka ɗauke abin da ba naka ba, ka yi wa ɗan sanda ƙarya. A shafin nan akwai mutum talatin da tara ban da kakanka, kowanne yana iya samun jika mai nemansa. Za ka bi ni ofis."

Saje ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa. Sufeto ya girgiza kai.

"Amma za mu biya ta wani wuri tukuna. Baba, za ka iya mota?"

"Ko a kan kai ne a ɗauke ni."

Keken bai iya bin bayan makabarta ba, don ba hanya, sai ciyawa da tudu da kwari. Aka ɗora Baba a kujerar ofishin Akawu. Saje ya kama gefe ɗaya. Sufeto ya dubi Darakta.

"Kama ɗayan. Hannunka ya san aiki."

Mai Haƙa ne a gaba. An cike rijiyar tun kafin a haifi Akawu, amma tsohon ya je kai tsaye gindin wata bishiya, ya share ganye da ƙafa, sai ga da'irar duwatsun bakinta. Ya juya gabas, ya ƙirga da sheburinsa. Ɗaya. Biyu. Uku. A na huɗu ya kafa sheburin.

Ba komai a wurin. Ɗan tudu ne da ya kusa bajewa, da busasshiyar ciyawa a kai.

Aka sauke kujerar. Baba ya ce a matso da shi. Ya sunkuya, Malama na riƙe da kafaɗarsa, ya ɗora tafinsa a ƙasa ya bar shi a nan.

"Baba, ni ne," ya ce a hankali. "Na yi latti."

Sufeto ya cire hularsa. Daga nan ana hango rufin tsohuwar tasha ta kan katanga. Ya tuna kafaɗar ubansa da kanta ta yi tauri saboda buhuna, ya kuma tuna ya fi shekara shida bai je inda yake kwance ba. Ya ƙudurta zuwa ranar Asabar.

Da tsohon ya ɗago, ya tambayi Mai Haƙa, "Akwai wuri a gefensa?"

"Akwai, har na mutum uku. Ba mai son layin baƙi."

"To ka riƙe mini na kusa." Ya juya ga 'yarsa. "Dutsen can na bakin ƙofa, a goge sunanmu. Amma a ci gaba da share wurin. Bawan Allahn nan ya saba da mu."

Sufeto ya taɓa kafaɗar Darakta. Suka kama hanyar mota, Saje a baya. Sun kusa ƙofa, daidai farin dutsen, Darakta ya tsaya.

"Sufeto, in kotu ta gama da littafin, kada a ba Akawu ya manna shi da gam. Zai lalace. Gefen da na bari ya isa a ɗinke shi ya koma kamar ba a taɓa ba. A bar ni in yi."

"Ka roƙi alƙali. In ya yarda, akwai shago a bayan tasha mai allura da zare. Sai dai ta ƙofa ake shiga, kuma sai an gaida mai shi."

Darakta ya gyaɗa kai. Saje ya buɗe masa ƙofar baya, ya shiga ya zauna, ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa, yatsan mai tabo a sama.